Shin doka za ta iya ƙayyade kuɗin haya a Kano? Tambayar wani mai gida daga Rijiyar Zaki

Alhaji_RijiyarZaki:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da gida mai sassa huɗu a Rijiyar Zaki, kowane sashe ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki, wanda na kammala a 2019 da kuɗin sallamata daga aiki da ɗan abin da ya zo hannuna na gadon mahaifinmu. Tun daga lokacin sau ɗaya tak na yi ƙari, kuma har gobe naira dubu 450 kowane sashe yake biya a shekara. Daminar da ta wuce iska ta yaye kwanon sashe guda, masai ya cika sai da aka kira masu mota suka kwashe, injin burtsatse kuma ya ƙone, da na zauna na haɗa lissafi sai na tarar gyaran ya cinye hayar sassa biyu cif. Dillalin unguwarmu kullum sai ya tare ni a bakin masallaci yana cewa maƙwabta dubu 800 suke karɓa, wai ni kaɗai nake sadaka ban sani ba.

Da na sanar da 'yan hayar cewa zan mayar da shi dubu 700, ɗaya daga cikinsu, wani malamin makaranta da muke sahu ɗaya da shi, ya ce mini akwai dokar da ta hana mai gida yin ƙari irin wannan, kuma ko da babu, ya kamata gwamnati ta kafa ta. Shin akwai wannan doka? Idan aka kafa irinta a Kano, za ta yi aiki? Sannan masu gidajen haya da suka riga ni, yaya kuke yin ƙari ba tare da an zalunci ɗan haya ko an bar gida ya ruɓe ba?

Barista_Gyadi:
Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Harkar haya a Najeriya al'amari ne da yake hannun jihohi, saboda haka babu wata doka ta tarayya da ta yanke wa mai gida a Kano adadin da zai karɓa a kan ɗaki biyu da falo. Ina kyautata zaton abin da malamin ya ji labarinsa shi ne dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, kuma ita ma ba ta sa wa gida farashi ba. Ta hana karɓar hayar fiye da shekara ɗaya a gaba daga mai biyan shekara-shekara, da fiye da wata shida daga wanda yake zaune yana biyan wata-wata, ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya saɓa, sannan ta ba ɗan haya damar zuwa kotu idan yana ganin ƙarin da aka yi masa ya wuce hankali, inda alƙali zai duba abin da ake biya a gidaje irinsa a yankin. Can ɗin ma an tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga cikinta.

Sai dai malamin yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Haya yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, don haka ba ka da ikon ƙara kuɗi a tsakiyar shekarar da aka riga aka biya, kuma sanarwar ƙari tayi ce kawai. Idan ya karɓa, shi ke nan. Idan ya ƙi, sai ka bi hanyar karɓar gidanka. A Legas da Abuja, matuƙar yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, mai biyan wata yana da wata ɗaya, bayan ya cika a sake ba shi na kwana bakwai cewa za a kai maganar gaban alƙali, kuma dokokin jihohi da dama sun bi wannan sahu. Kotu ce kaɗai take fitar da mutum. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke ruwa ko watsa kayan mutum a waje duk ɗaukar doka ne a hannu, kuma na sha ganin masu gida da suka shiga kotu suna bin bashin shekara guda, suka fito su ake bi diyya.

Maman_Ilham:
Baba Alhaji, ka yi haƙuri in yi magana da bakin waɗanda suke ciki. Shekararmu 11 muna haya, daga Sheka zuwa Ɗorayi, kuma ban taɓa ganin maigidana ya rame ba kamar watan da haya take ƙarewa. Albashi wata-wata yake zuwa, haya kuwa dunƙule ake so. Tashinmu na ƙarshe, sai da muka biya kuɗin ganin gida a wurare biyar, wanda muka samu kuma aka ce sai shekara biyu a gaba, ga la'adar dillali, ga kuɗin takarda, har sai da na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnen da mahaifiyata ta ba ni ranar aure kafin kuɗin su cika. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira dubu 71 ne, wato dubu 852 a shekara idan mutum bai ci komai ba. A ɗora dubu 700 a kan wannan a gani. Na san malamin yana karɓar fiye da haka, amma ba ninki uku ba. Ni ina tare da shi: gwamnatin da take sa baki a kuɗin makaranta da kuɗin kujerar Hajji, me zai hana ta sa baki a wurin kwanan talaka?

DanKwari77:
Maganar Maman Ilham ba mafarki ba ce, domin na ga inda ake yi. Mu da muke sarin yadi a Dubai mun san yadda abokan huldarmu na can suke zaune. Tun 2013 suna da ƙa'idar da ta ɗaure ƙarin haya da matsakaicin abin da ake biya a unguwa. Idan hayarka ba ta gaza matsakaicin da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, mai gida ba shi da damar ƙari ko kaɗan. Gwargwadon nisanta da matsakaicin gwargwadon ƙarin da aka yarje masa, daga kashi 5 har zuwa 20, wanda shi ne maƙura, kuma dole ya sanar da kai kwana 90 kafin sabuntawa. A Saudiyya ma an dakatar da ƙarin haya a birnin Riyad na tsawon shekara biyar daga watan Satumba na 2025. Da Alhaji a Dubai gidansa yake, ko da hayarsa ta yi ƙasa ƙwarai, kashi 20 kawai zai iya ƙarawa, wato daga dubu 450 zuwa 540. Mu a Kwari da masu shaguna suke ninka mana haya rana tsaka, da hannu biyu za mu karɓi irin wannan.

MalamTattali:
Ɗan Kwari, abin da ya sa lissafin Dubai yake tafiya shi ne kowace yarjejeniyar haya sai an yi mata rajista da hukuma, ta haka aka san matsakaicin kowace unguwa. A Kano wa zai iya faɗin matsakaicin hayar ciki da falo a Kurna ko Unguwa Uku, alhali mafi yawan cinikin da baki ake yi, dillali shaida, rasit kuma takardar littafin ɗan makaranta ce? Dokar da ba ta da ma'auni, wanda ya fi iya zuwa ofis shi yake cin moriyarta.

Sannan a duba abin da ya faru a inda ake da ma'aunin. A 1994 birnin San Faransisko na Amurka ya faɗaɗa dokar ƙayyade haya zuwa ƙananan gidajen da aka gina kafin 1980. Masana tattalin arziki na Jami'ar Stanford sun bi diddigin gidajen, suka fitar da sakamako a 2019: waɗanda dokar ta riska suna ciki sun amfana, sun daɗe a gidajensu, amma masu gidajen sun rage abin da suke bayarwa haya da kashi 15 cikin 100, wasu suka sayar, wasu suka rushe suka sake gini, kuma hakan ya ɗaga haya a birnin baki ɗaya da kusan kashi 5. Wato na ciki ya huta, mai nema ya biya. Birnin Berlin na Jamus ya daskarar da haya a Fabrairun 2020, kotun tsarin mulki ta soke dokar a Afrilun 2021 bisa hujjar cewa ba hurumin birnin ba ne. Nan kusa da mu, dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana karɓar fiye da wata shida a gaba, amma a Akara shekara biyu ake nema a bainar jama'a. Legas ma ta taɓa gwada sa wa gidaje farashi unguwa-unguwa a 1997, zamanin Kanar Buba Marwa, kasuwa ta bi ta kai ta wuce.

Ciwon Kano shi ne masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa. Tun ƙidayar 2006 jihar take da mutum sama da miliyan 9, kuma kowace shekara ana ƙara shigowa birni, wasu neman abinci, wasu gudun rashin tsaro. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo sun ƙara yawan gidaje, amma ba su ne irin wanda Maman Ilham take nema ba. Wanda yake gina mata ciki da falo shi ne irin Alhaji, kuma idan aka ɗaure masa hannu, kuɗinsa na gaba fili zai saya ya katange ya bari.

Azhari_Fagge:
Na ga wannan da idona lokacin da nake karatu a Alƙahira. Benen da muka kama haya a unguwar Abbasiyya, akwai wani dattijo a hawa na biyu wanda ya gaji sashen daga mahaifinsa a ƙarƙashin tsohuwar dokar haya, abin da yake biya a wata bai kai kuɗin shayi da burodinmu na safe ɗaya ba, mu kuwa ɗalibai a hawa na huɗu muna biyan farashin kasuwa. Matakalar benen ta tsattsage, bututun ruwa yana zuba a bango har ya yi kore, mai gidan kuma ya rantse ba zai sa ko ƙusa ba, domin hayar shekara ta tsofaffin sassan ba za ta sayi buhun siminti biyar ba. A 1996 Masar ta saki sababbin yarjejeniyoyi su bi kasuwa, ta bar tsofaffin yadda suke. Sai a Nuwamban 2024 kotun tsarin mulkinsu ta ce daskarar da hayar ya saɓa wa tsarin mulki, aka yi sabuwar doka a 2025 da ta ba masu zaman gida wa'adin shekara bakwai. Yanzu tsofaffin da suka shekara hamsin a ɗaki ɗaya su ne cikin zullumi. Na tausaya wa dattijon, na kuma tausaya wa mai benen, har na baro ƙasar ban iya cewa ga mai laifi ba.

Dillalin_Kabuga:
Tunda an ambaci dillalai har sau uku, bari in kare sana'ata. Ba mu muke sa farashi ba, mu dai muna faɗin abin da muka ga ana biya. Gida ɗaya zai fito a Janbulo ko Tudun Yola, kafin la'asar mutum bakwai sun kira, a cikinsu akwai mai cewa a ba shi ya biya shekara biyu don a hana sauran. Mai gidan da ya ga haka zai saurari wa'azina ne? Kuɗin ganin gida kuma man babur ne, domin sau tari sai ka kai mutum gida goma ya ce zai yi shawara da iyali, ba ka sake jin ɗuriyarsa. Ban musa cewa akwai ɓata-gari ba, masu karɓar kuɗin mutum uku a ɗaki ɗaya su kashe waya. Idan gwamnati za ta yi mana rajista ta ba mu katin shaida, ni ne farkon shiga layi.

Maman_Ilham:
Malam dillali, la'adarku kaso ce daga cikin hayar, don haka duk ƙarin da aka yi, da ku aka yi shi. Shi ya sa wanda yake tare Baba Alhaji a bakin masallaci bai taɓa tare shi ya ce ya rage ba. Kuma idan aka tashi tsohon ɗan haya aka sa sabo, wa yake samun sabuwar la'ada?

Injiniya_Sharada:
A nan Maman Ilham ta taɓo inda yake ƙaiƙayi, kuma ya kamata Alhaji ya riƙa auna shawarar dillali da wannan ma'aunin. Amma ina so 'yan haya su ma su ga lissafin daga ɗaya gefen. A ce yau za a sayi fuloti a gina irin gidan Alhaji, mu ƙaddara naira miliyan 70 tsakanin fili da bulo da rodi da kwano da tayil da leburori. Sassa huɗu a dubu 700 sun ba da miliyan 2.8 a shekara, wato kashi 4 cikin 100 na jarin, kuma shekara 25 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a cire gyara ba, ba a cire watannin da sashe zai zauna babu kowa ba. Sukuk na farko, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 kashi 16.47 yake bayarwa a shekara, ba masai ba injin burtsatse. Hauhawar farashi kuwa ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Buhun simintin da nake saye ƙasa da dubu biyar kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 ya haura dubu goma a farkon 2024, kowa ya je Ƙofar Ruwa ya tambayi rodi da kwano ya ji.

Ribar gidan haya a Kano tana cikin tashin darajar filin, hayar dai ta riƙe ginin ne kada ya lalace. Wanda ya ci bashi ya gina yana jiran haya ta biya, ya shiga uku. Masu niyyar sa jari, ku gina abin da unguwar take nema: ɗaki ɗaya da banɗaki a kusa da sabuwar jami'ar Bayero ta titin Gwarzo, ko ƙananan sassa a kusa da Asibitin Malam Aminu Kano, sun fi saurin cika da saurin biya a kan katafaren gida mai falo uku. Ku je ku ga fili a watan Agusta, ba a watan Maris ba, domin kwarin da ruwa yake kwanciya ba ya nuna kansa da rani. Ku raba wa kowane sashe mitarsa mai kati tun ranar farko, rabin rigimar gidan haya a kan kuɗin wuta take. Kuma duk hayar da ta shigo a ware akalla ushirinta a asusun gyara, da Alhaji ya yi haka tun 2019 da iskar bana ba ta girgiza shi haka ba.

Malam_Gwale:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambayar Alhaji ta biyu tsohuwa ce a wurin malamai, suna kiranta tas'iri, wato hukuma ta yanke farashi. Ya tabbata daga Anas ɗan Malik cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke farashi, bai yi ba, ya bayyana cewa Allah ne mai yanke farashi, kuma yana fatan haɗuwa da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko dukiya. Da wannan mafi yawan malamai suka hana. Wasu kuma, ciki har da wata ruwaya a mazhabarmu ta Malikiyya da kuma Ibn Taimiyya, sun halatta wa shugaba idan masu kaya suka haɗa baki ko suka cutar da jama'a a kan abin larura, da sharaɗin a tara masana kasuwar a bar wa mai kaya ribarsa ta adalci. To tsadar da siminti ya jawo daban, wadda haɗama ta jawo daban, kuma mai gida ya fi kowa sanin wacce ce tasa.

Ina kuma jan kunne a kan jinginar gida da ta yawaita, inda mutum zai ba mai gida miliyan biyu ko uku ya shiga ya zauna kyauta har ranar da za a mayar masa da kuɗinsa cif. Wannan bashi ne da ya jawo amfani, malamai sun sanya shi cikin riba, ko da an laƙaba masa ɗan kuɗin haya na jeka-na-yi-ka. Zakka kuma ba ta kan ginin da ake haya, tana kan kuɗin da suka taru suka kai nisabi suka shekara.

Hajiya_Hotoro:
Alhaji, shekarata 16 ina riƙe da gidajen da marigayi maigidana ya bar wa yara, kuma na koyi abin da na koya ne da asara. Akwai wanda dillali ya kawo mini da babbar riga da mota, ya biya fiye da kowa, shekara ta biyu ya fara sai gobe sai jibi, ya tashi cikin dare da azumi ya bar mini bashin wuta da fasasshen masai da bangon da yara suka zane da gawayi har silin. A sashen da yake kusa da shi kuma akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta shekara tara, ita take kiran mai gyaran famfo da kuɗinta, sai dai in gani a rasit. Ka lissafa da kyau: ƙarin da kake nema dubu 250 ne a sashe. Idan malamin ya tashi, fenti da gyaran ƙofofi za su ci kamar dubu 150, idan sashen ya yi wata uku babu kowa ka rasa dubu 175, ka ga ƙarin shekarar farko ya tafi har da ɗoriya, sannan ba ka san wa zai shigo ba.

Ni yanzu ba na barin haya ta yi shekara biyar a wuri ɗaya sannan in zabga ƙari, wannan shi ne kuskurenka, kuma na taɓa yinsa. Ina rubutawa a takarda tun shigowa cewa za a zauna a duba haya duk shekara biyu, da sanarwar wata shida. Ma'aikata ina karɓar nasu kashi huɗu a shekara ta banki, kuma ban ga sun fi masu biyan dunƙule saɓa alkawari ba. Takardar da Hausa ake rubuta ta, a fayyace wa yake kwashe masai, wa yake gyaran injin ruwa, mutum nawa za su zauna, an yarda a sa wani a ciki ko ba a yarda ba. Ranar ba da makulli ɗana yana ɗaukar hoton kowane ɗaki da waya, mai unguwa ya sa hannu, ɗan haya ya kawo wanda zai tsaya masa. Kafin in karɓi kuɗin kowa sai na aika an tambayi tsohon mai gidansa, ko da dillali zai yi fushi.

Barista_Gyadi:
Tsarin Hajiya ya fi na lauyoyi da yawa. Gyara ɗaya kawai: sa hannun mai unguwa shaida ce mai ƙarfi, kuma shi da Hisba suna sulhun da yake kashe rigima tun ba ta girma ba, amma ba su da ikon fitar da mutum daga gida idan ya turje. Notis kuma a bar lauya ya rubuta, domin kuskuren kwanan wata kaɗai yana iya rushe shari'ar a koma farko. A kai yarjejeniyar a biya mata kuɗin hatimi, hayar da ta wuce shekara uku kuma a yi mata cikakkiyar takarda a yi rajista.

Masu gida su san cewa sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayarsa ta shekara, har zuwa naira dubu 500, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai. Ma'aikata za su fara neman rasit na gaskiya, kuma hayar da kuke karɓa kuɗin shiga ce da ake biya wa haraji. Ga masu saye kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, sayar da fili mai takardar mallaka sai da amincewarsa. A bincika fayil a KANGIS, hukumar da take ajiye bayanan filaye a Kano, kafin a biya, a karɓi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin a haƙa harsashi. Awon igiya, wato filin da aka yanka ba da tsarin gwamnati ba, yana da araha, amma takardar dagaci ba ta hana titi bi ta falonka. Wanda ya ga rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a Yunin 2023 a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ya san cewa tarihin fili ma abin tambaya ne, ba takardar kaɗai ba.

DanKwari77:
Malam Tattali, na karɓi maganar rajista, amma ai da wani abu ake farawa. A bar farashi, a hana karɓar shekara biyu, a yanke wa dillalai la'ada, a wajabta sanarwar wata shida kafin ƙari. Wannan ma zai sa Alhaji ya daina gini?

MalamTattali:
Bai kamata ya sa ba, kuma da wannan ba ni da ja, sai dai ka tuna Gana. Ranar da mutum bakwai suke layi a kan gida ɗaya, wanda ya ce doka ta hana shi biyan shekara biyu shi ne zai koma gida hannu rabbana, kuma ba zai kai ƙarar kowa ba.

Alhaji_RijiyarZaki:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan na kira su duka huɗun, na baje musu rasit ɗin kafinta da na masu kwashe masai da na injin, kowa ya ɗauka ya duba da fitilar waya. Na janye dubu 700 na bana. Na ce idan shekarar kowa ta cika zai koma dubu 575, a biya kashi biyu, shekara mai zuwa kuma mu sake zama a kan 700, sannan za a rubuta komai kamar yadda Hajiya ta ce, domin in faɗi gaskiya tun 2019 babu takarda ko ɗaya tsakaninmu sai rasit. Uku sun amince nan take. Malamin ya yi godiya, amma ya ce har yanzu yana nan a kan bakansa cewa doka ta fi alherin mai gida tabbas, tunda ba kowane mai gida ne zai shimfiɗa tabarma ba, kuma zai ba ni amsa idan an yi albashi. Dillalin kuwa da asuba ko gaisawa ba mu yi ba.

Barista, saura abu ɗaya. Biyu daga cikinsu sun kawo shawarar in sa wa burtsatsen sola su riƙa biyan wani abu duk wata, ɗayan kuma ya ce shi ruwan 'yan garuwa ya ishe shi. Wannan kuɗin a cikin haya ake cusa shi, ko takarda daban ake yi masa?

Barista_Gyadi:
Ka raba su, Alhaji, haya daban kuɗin hidima daban, kowanne da rasit ɗinsa, domin idan aka je gaban alƙali bashin haya ne kawai ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ya ce ba ya so kuma, tunda da ruwan burtsatse ya shiga gidan, ba za ka rufe masa famfo a tsakiyar shekararsa ba, sai dai ka sa sharaɗin a sabuwar takardar ya karanta kafin ya sa hannu.

Hajiya_Hotoro:
Kuma a rubuta wanda zai riƙa wanke faifan solar lokacin hunturu. A gidana na Kawo wata biyu aka yi ana jayayya a kan wannan, ƙura ta rufe shi, tankin ba ya cika sai azahar.